Murya Huɗu a Sabha

Duk wanda ya ce ginin ƙasa daga majalisa yake farawa, bai taɓa tsayawa gaban yara ashirin masu ƙaho a baki ba. Daga numfashi yake farawa. Dauloli sun tashi sun faɗi, an haƙa ƙasa an haɗa teku da teku, an je wata an dawo, amma har yau ɗan Adam bai ƙirƙiro aikin da ya kai wannan nauyi ba: mutum ya zauna da fensir ya yanke hukuncin inda yaro ɗan shekara goma sha ɗaya zai ja iska a tsakiyar waƙa. Ka ba shi da wuri, waƙa ta karye. Ka jinkirta masa, idanunsa su firfito. Shekara goma sha shida ina yanke wannan hukunci, kuma ba a taɓa ɗaukaka ƙara ba, domin ba wanda ya san ana zaman kotun.

Sunana Dauda. Bahaushe ne ni daga ƙasar Malumfashi, Kirista ɗan Kirista, abin da masu cike fom sukan ɗauka kuskuren biro ne. Ni ne banmasta, wato mai koyar da badujala, a wata makarantar mishan ta kwana. Aikina in ɗauki tsofaffin waƙoƙin sujada da kakanninmu suka rera, in sauko da su daidai ƙarfin leɓen yara, in raba su murya huɗu: siririya mai ɗauke da waƙar, biyu masu tallafe ta, da ta ƙasa mai kauri wadda duk ginin yake zaune a kanta. Na cika littafi guda mai bangon kwali, waƙa arba'in da ɗaya. Ƙarƙashin kowane sauti na rubuta lambar yatsun da yaro zai danna a madannai uku na ƙaho, a saman shafi kuma sunan waƙar da baitinta na fari.

Ƙaho biyar ne a makarantarmu, duka ƙanana, ɗaya yana yoyon iska. Babban ƙahon da zai busa muryar ƙasa, tun shekarar da aka ɗauke ni aiki yake cikin kasafin baɗi. Saboda haka ban taɓa jin abin da na rubuta ba. Jinka kawai nake ji tana lilo a sama, babu ɗaki a ƙarƙashinta. Da aka rufe makarantun kwana na yankinmu saboda 'yan bindiga, wani mutum mai kwat da takarda mai hatimi ya ce akwai makarantar 'ya'yan jakadu a Tarabulus ta Libiya da ke neman banmasta, kayan busa cike da ɗaki. Na gaya wa matata neman abinci zan tafi. Gaskiyar ita ce so nake in ji muryoyin nan huɗu a tare, sau ɗaya, kafin kunnena ya mutu.

Ba zan ba da labarin hamada ba. Waɗanda suka fi ni shan wuya sun ba da, waɗanda suka fi su kuma suna can.

A bawwabar Gatrun, wato shingen bincike, wani mai bindiga ya zazzage jakata ya ɗauki littafin. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya tambaya ko sihiri ne. Na ce lissafi ne. Ya jefo mini shi da irin tausayin da ake yi wa mai lissafi, ya riƙe takalmina.

A Sabha lambar mai kwat ta daina shiga. Wani da ya yi shekara uku a Tarabulus ya duba adireshin da ke takardata, ya ce ya san layin sarai, shagon faci ne a wurin. Haka na sauka a unguwar Gurda, a wani kangon gini da mutum goma sha huɗu suke kira gida. Da sassafe mu fita bakin titi mu tsugunna, mota ta tsaya a ce "shugul", wato aiki, mu ruga kamar kaji sun ga tsaba. Na ɗauki bulo, na kwaɓa siminti. Leɓen da na yi shekaru ina tattali kamar amarya ya tsage gida uku.

A nan na san Malam Isufu, mutumin Damagaram, wanda ya shekara goma sha ɗaya a Libiya yana shirin wucewa arewa, ƙetaren teku, baɗi. Da ya ji ni malamin makaranta ne sai ya sa mini Mushe, yadda suke kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, a ƙasarsu. Na ce a wajenmu mushe na ungulu ne. Ya ce a bakin titin Gurda duk ɗaya ne.

Wata ranar Juma'a da hantsi, sauran sun fita, ya zauna kusa da ni yana wanke kofunan shayi.

"Mushe, kwana tara ban ga goshinka a ƙasa ba."

Na ce, "Ni Kirista ne, Malam Isufu."

"Bahaushe?"

"Bahaushe."

Ya daɗe yana goge kofi guda. "To, Allah mai iko. Ka bar shi cikin cikinka. Sunanka dai ya yi maka gata, Annabi Dauda na kowa ne. Littafin nan da kake matashi da shi fa, mi ke ciki?"

Na ba shi. Ya yi lakwal har aji shida, ya iya boko. Ya karanta saman shafi uku, ya rufe, ya tashi ya ɗauko reza. Ya ce tabon tawada da lambobi ba su kashe kowa, amma a garin nan masu jin Hausa sun fi yadda nake zato yawa, kuma ba duka ne masu shan shayi da mutum ba. Ni da hannuna na yanke kan shafi arba'in da ɗaya. Da na tattara guntayen zan kai bola ya riƙe mini hannu.

"Akwai sunan Allah ciki?"

"Kusan kowane layi."

"To ba a kai shi bola."

Ya naɗe su a tsumma mai tsabta, ya haƙa rami gindin katanga inda ba a fitsari, ya binne. Na karanta littattafai da yawa a kan zaman tare tsakanin addinai, masu bango mai sheƙi. Ban ga wanda ya kai tsumman nan ba.

Da sanyi ya fara ja da baya, Isufu ya samo mana aiki a Zighan, a gonar dabinon wani dattijo da kowa ke ce wa Hajj. Lokacin ɗaura wa dabino aure ne. Ka hau namiji ka yanko furensa, ka sauko, ka hau mace ka cusa zare uku a cikin nata ka ɗaure, ƙaya tana gaishe ka a hawa tana yi maka rakiya a sauka. Ni da na shekara ina haɗa murya da murya, ga ni ina haɗa itace da itace, kuma an fi yaba mini a nan. A gonar ce salular Isufu, wato wayarsa, ta zame daga aljihu ta faɗa tafkin ban ruwa. Ya shanya ta kwana biyu ta farfaɗo, sai dai tun daga ranar in ya kira matarsa a Damagaram, ita ke magana shi yana gyaɗa kai, don ba ta jin sa. Ya ce aurensu bai taɓa zama lafiya irin haka ba.

Wata safiya Hajj ya loda mu a bayan mota ya mai da mu Sabha, mu kwashe tarkace daga sito a makarantar ƙanwarsa. Bayan karyayyun kujeru da taswirar duniya da bera ya cinye Turai, na ɗaga wani tamfol. Ƙahoni ne. Ƙanana goma sha huɗu, matsakaita shida, da manya guda uku kwance kamar shanu, ragowar zamanin da kowace makaranta sai ta fita fareti. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ɗauki ƙarami guda, na tofa wa madannan yawu, na busa da tsagaggen leɓena.

Mudira, wato shugabar makarantar, ta leƙo. Abla Mabruka sunanta, doguwar mace mai tabarau a kan hanci, tsohuwar malamar Turanci, don haka muka iya magana. Ta ce saura mako bakwai bikin rufe shekara, makarantar da ke tsallaken titi kuma tana kwashe mata yara da wasan karate. Zan iya sa waɗannan su yi ƙara mai kama da kiɗa?

Na ce zan iya. Ba ta tambayi iƙama ba, takardar zama, ni ma ban tambayi abin da ba a tambaya ba.

Manyan ƙahonin uku duk sun fashe a gindi, aka kai su wajen mai gyaran lagireto a Gurda, ya ce mako biyu. Na san mako biyun masu gyara, amma na yi murna kamar ban sani ba. Yara ashirin da uku aka ba ni, ukun da za su riƙe manyan suna koyon yatsu da numfashi hannu banza. Na buɗe littafina na zaɓi ta goma sha bakwai, domin ita ce mafi sauƙi: sauti biyar kacal a siririyar murya, tafiya a hankali. Ita ce kuma waƙar da muke raka gawa da ita. Da ita aka kai mahaifiyata.

Yaran suna da kunne, yatsunsu kuma sun fi na yaranmu sauri. Numfashi ne ya gagara. A gida ban taɓa wahala da shi ba, domin yaro tun yana goye yake jin kalmomin, ya san inda ikilisiya take tsayawa, ƙirjinsa ya tsaya a nan da kansa. Waɗannan ba su san akwai kalmomi ba. Kowa ya ja iska inda ta ƙare masa, waƙar ta fito kamar tabarmar da akuya ta fara. Na sa alama da jan biro, na buga tebur, na ɗaga hannu. A banza. Abin da zai gyara komai a minti biyar yana binne gindin katanga a Gurda.

Su suka warware da kansu. Wata rana na dawo daga shan ruwa na tarar suna rera waƙar da Larabci suna dariya. Sun sa mata kalmomi a kan abin kalacinsu, burodi da kifin gwangwani da harisa mai yaji, da wani mai kanti da ke rowar kifin. Layi huɗu, kowanne daidai tsawon na asali. Na ce su busa suna faɗin kalmomin a zuci. Suka busa. Kafaɗu ashirin da uku suka tashi lokaci guda, a daidai inda ikilisiyarmu take jan numfashi. Na juya na kalli allo na ɗan lokaci. Waƙar da ta raka uwata kabari ta koma ƙorafi a kan kifin gwangwani, kuma ba a taɓa busa ta daidai haka ba.

Abla Mabruka takan tsaya bakin ƙofa. Wata rana bayan an tashi ta ce, "Ustaz Dawud, waƙar nan tana da kyau, ko da yake tafiyarta kamar ta masu ɗauke da wani abu a kafaɗa. Amma sautuka biyun nan dogaye na ƙarshe, na mene ne? Waƙa ta riga ta ƙare, sai kuma ku ƙara biyu."

Amin ce. Kowace waƙar sujada da ita muke rufewa, sauti biyu a ja su, na farko a jingine, na biyu a zaune. Na yanke sunaye, na yanke baitoci, amma ko sau ɗaya bai zo mini in yanke wannan ba, kamar yadda mutum ba ya tuna yana da tsagar gado a fuska.

Na ce, "Abla, haka ake rufe irinta. Ba a barin waƙa a tsaye."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ni dai da a ce tawa ce, da na cire."

Da ina da hankalin Isufu da na ji abin da take gaya mini. Amma a sautuka biyun nan ne muryar ƙasa take yin aikinta mafi kyau, ta sauko ta zauna, duk ginin ya zauna a kanta. Don in ji su na ƙetare hamada. Na bar su.

Akwai wata mai shara a makarantar da ake kira Rukayya, baƙa siririya, kullum cikin hijabi, tana kwana a wani ɗan ɗaki bayan ofis. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, da Larabci. Na lura in muna busa ta goma sha bakwai, barandar ajinmu takan daɗe tana sharuwa. Na ɗauka ƙura ce ta yi yawa.

Saura kwana takwas biki, mai lagireto ya aiko cewa manyan ƙahoni za su iso da azahar. Na shirya a ranar za a haɗa murya huɗu karo na farko. Da safe muka yi gwaji da ukun da ke akwai. Yaran suka shiga layi na ƙarshe, sai na ji murya daga baranda, ta mace, da Hausa, tana rera kalmomin na gaskiya, da sunan Almasihu a inda yake. Ba da ƙarfi ba. Irin rerawar da baki yake yi ba da izinin mai shi ba. Yaran suka busa sautuka biyun, ita kuma ta ja Amin ɗinta har ƙarshe, tsintsiya a hannu, idanu a rufe.

Amin kowa yana cewa. Ba kowa ke rera ta ba.

Malamin addini na makarantar yana tsaye a bayanta da rajista a hannu. Mahaifiyarsa mutuniyar Agadas ce, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Zan faɗi gaskiya a kansa: bai ɗaga murya ba, bai kira masu bindiga ba, ko da yake ɗan'uwansa yana cikinsu. Ofishin mudira ya wuce. Ya ce 'ya'yan mutane amana ne, kuma an sa musu abin da iyayensu ba su sani ba a baki. Na daɗe ina neman inda ya yi kuskure a wannan magana, ban samu ba.

Abla Mabruka ta kira ni. Ba ta ce in zauna ba.

"Ban tambaye ka ba, Ustaz, don kada ka faɗa mini. Na ce ka cire biyun nan."

"Kin ce."

"Yara za su kai labari gida da azahar. Kafin la'asar kada a same ka a unguwar nan, kafin jibi kada a same ka a Sabha. Ka bar mini takardun da ke hannun yara."

"Za a busa?"

"An riga an buga takardar gayyata. Waƙar kalaci, in ji takarda. Ni abin da na ji yara suna rerawa ke nan." Ta tura mini ledar burodi da dabino a kan tebur ba tare da ta dube ni ba.

A bakin ƙofa na tarar da mai sharar, da jakar leda guda a hannu. An sallame ta, da aikin da ɗakin.

Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Bakina ne."

"Ni na rubuta, 'yar'uwa. Yaya sunanki?"

"Rifkatu. Daga wajen Pankshin." Ta gyara hijabinta. "Da waƙar nan aka binne babata bara. A waya aka gaya mini. Mako shida ina riƙewa."

Na tambaye ta ina za ta. Ta ce akwai wata mata a wata unguwa da ke karɓar 'yan mata. Na san irin matar, ita ma ta sani. Na ba ta ledar burodin, abin da ke hannuna ke nan, ta karɓa ta gode mini, kuma godiyar ce ba na iya mantawa. Ban sake jin labarinta ba. Na tambaya, Isufu ma ya tambaya.

Muna tsaye a nan motar mai lagireto ta shigo. Manyan ƙahoni uku a baya, an like su, an goge su, rana tana wasa a kansu. Na matsa gefe don ta wuce.

Washegari da safe Isufu ya sa ni a babbar mota mai komawa Agadas, a kan buhunan taliya. Ya ce, "Mushe, an ce za a ɗauki masu jera kujeru ran bikin. Zan shiga. Abin da ka shuka, ko ba ka ci ba ka gani." Na ce ya gai da arewa in ya isa baɗi. Ya ce in Allah ya so.

Yanzu ina Funtuwa, ina koyar da Turanci a wata firamare mai zaman kanta inda kayan kiɗa ƙararrawa ce. Matata ba ta taɓa tambayata abin da na samo ba, kuma wannan ya fi tambaya ciwo. Wata biyu bayan dawowata saƙo ya shigo daga Isufu, bidiyo na minti uku.

Ga su nan a farfajiya cikin fararen riguna, layi uku. Manyan ƙahonin suna baya, sun rufe fuskokin masu riƙe da su. Abla Mabruka ce a gaba, tana kaɗa rula. Ni mai karanta yatsu ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya: siririya daidai, masu tallafe ta daidai, muryar ƙasa ba ta ɓata ko sau ɗaya ba, kumatun yaran a cike. A ƙarshen kowane layi kafaɗu ashirin da uku suna tashi tare. Da waƙar ta ƙare rula ta sauka, mudira ta juya za ta fuskanci iyaye. Yaran ba su sauke ƙaho ba. Layi na biyu suka danna madanni na ɗaya da na biyu, suka riƙe, sannan suka saki, suka riƙe. Sun busa Amin ɗin. Ba wanda ya iya cire musu. Iyaye suka tashi suna tafi, har wani dattijo yana share ido, wataƙila don kifin gwangwani.

Na kalla ya fi sau ɗari. Murya huɗu, a tare, yadda na rubuta.

Wayar Isufu ba ta ɗaukar sauti tun ranar da ta faɗa tafki a Zighan.